Wutar da ake sha ana barci

Idan dare ya raba a Jimeta, kowa ya kwanta, akwai 'yan idanuwan da ba sa rufewa a falo: jan ɗigon da ke ƙasan talabijin, lambobin fuskar dikoda, sitabilaiza na ta gurnani a bayan kabad, ga caja a maƙale a soket ba waya a jikinta. Mai gida yana ganin ya kashe komai tunda ya danna rimot. Rimot kuwa kwantar da na'ura kawai yake yi, tana nan a faɗake tana jiran a sake kiranta, kuma wuta take ci a wannan jiran. Mitar kati ba ruwanta da ana kallo ko ba a kallo, lissafinta take yi.

Turawa sun daɗe da farga. Tun 1999 hukumar makamashi ta duniya, IEA, ta yi kira da kada na'urar da ke zaman jira ta ci fiye da wat ɗaya, Tarayyar Turai kuma ta mayar da hakan doka daga 2010, ta rage shi zuwa rabin wat a 2013. Sai dai da yawa daga kayan ɗakunanmu 'yan gwanjo ne da suka girmi dokar, ga sitabilaiza da rashin tsayuwar wuta ya ɗora mana, wadda ita ma tana cin nata ko ba a jona mata komai ba. A ƙaddara kayan gida duka suna tsotsar wat 30, gidan kuma yana layin Band A na kamfanin rarraba wuta na YEDC, inda alkawarin shi ne awa 20 a rana. Yunit 18 ke nan a wata. Tun da hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta ɗaga farashin wannan rukuni a Afrilun 2024 yunit ya haura naira 200, wato sama da naira 3,600 sun tafi ba a kalli ko labarai ba. Da yayyafi kogi kan cika.

Wani zai ce ina ma wutar take balle a yi tattalinta? To ai ɗauke wutar ne uwar ɓarnar. Ana ɗaukewa kowa ya yi tsaki ya fita shan iska, ba mai tuna cewa fanka uku na kunne, fitilun tsakar gida na kunne, dutsen guga na jone, hita na cikin bokiti. Ƙarfe biyun dare a dawo da ita, ko da rana tsaka gida ba kowa, duk su tashi aiki. Dutsen guga kaɗai yana cin wajen wat 1,000, abin da ya fi talabijin mai zaman jira ninkin-ba-ninkin, ban da gobarar da yake iya jawowa. Sau da yawa kuma wutar kan dawo da ƙarfin da ya wuce kima, abin da ta tarar a jone shi take fara ƙonawa.

Wanda ba shi da mita, ana kawo masa bil na ƙiyasi, yana da hujjar da ta fi wannan ƙarfi, domin ko ya kashe ko bai kashe ba takarda za ta zo. Gaskiya ne, kuma neman mita haƙƙinsa ne. Amma taransfoma ɗaya ce ke ɗauke da unguwa. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin Yola ke haura digiri 40, kowane gida daga Doubeli zuwa Jambutu ya saki fanka da firji, kayan da ke kunne a banza suna cikin nauyin da ke sa wuta ta yi ƙasa har fanka ta riƙa juyi kamar mai jin barci. Masu sola da inbata ma batirinsu ake zuƙewa kafin asuba.

Firji da firiza dai a bar su, aikinsu ke nan. Sauran kuwa, yawancin soket ɗin bangonmu da makunninsa yake zuwa, sai a tara talabijin da dikoda da sitabilaizarsu a kan soket guda, a kashe daga bango lokacin kwanciya da duk sa'ad da aka ɗauke wuta.