Wa Ake Fara Dubawa a Ɗakin Gaggawa?

Da yawa a cikinmu mun taɓa zama a kan benci a asibiti da dare, da yaro mai zazzaɓi a cinya, muna jiran likita. Can sai mota ta tsaya, a shigo da wani a guje, a wuce da shi ciki. Sai mu fara gunaguni, muna cewa, “Ai mun riga shi zuwa!” To, bari mu duba dalili, gama sanin wannan yana iya ceton wani na gidanmu.

A arewacin Kogin Kaduna muna da asibitoci da dama. Akwai Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, wanda dā ake kira Nursing Home, da Asibitin Sojoji na 44, da na Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, da Babban Asibitin Kawo. Na farkon ya ci sunan Dokta Barau Dikko ne, mutumin Wusasa, likita na fari daga Arewa, wanda ya rasu a 1977.

Ɗakin gaggawa ba kamar layin famfo ba ne, inda wanda ya fara ajiye bokiti shi ke fara ɗiba. Ana bin tsananin ciwo ne. Wani likitan sojan Faransa mai suna Larrey, a zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon, ya koya wa mutanensa su fara da wanda rauninsa ya fi muni, ko da shi ƙaramin soja ne. A yau a asibitoci da yawa na duniya nas takan duba mai ciwo tun daga ƙofa, ta sa shi a ɗaya daga kashi 3. Ja shi ne wanda ba ya iya numfashi, ko jini yana zuba ba tsayawa, ko ya suma, ko mace mai ciki da ke jijjiga. Shi ba ya jira ko kaɗan. Rawaya shi ne mai ciwo mai tsanani amma yana iya ɗan haƙuri. Kore kuwa zai jira, ko a aika shi ɗakin ganin likita da safe.

Amfanin wannan shiri yakan fito fili ran babbar masifa. A Maris 2022, da aka kai wa jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna hari, an kawo waɗansu masu rauni Asibitin 44. A Disamba 2023 kuma aka kwaso mutanen Tudun Biri zuwa Barau Dikko bayan bam ya faɗa musu. A irin wannan dare, gadaje da jini da hannuwan ma'aikata ba su isa kowa a lokaci guda. Dole wani ya tsaya ya ce, “Wannan tukuna, sa'an nan wancan.”

Akwai kuma doka da ta kamata kowane maigida ya sani. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin taimakon wanda ke cikin hali na gaggawa, ko da wane dalili. Wata dokar ta 2017 ta ce a yi wa wanda aka harba da bindiga magani nan take, ba sai an kawo takardar 'yan sanda ko an ajiye kuɗi ba. Mu tuna wa ma'aikata wannan da ladabi in ta kama, ba da faɗa ba. Su ma mutane ne, wataƙila tun safe suke tsaye.

Mu fa, mene ne namu? Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mu san asibitin da ya fi kusa da mu, da maƙwabcin da zai ɗauke mu da mota ko Keke Napep da tsakar dare. Mu rubuta lambar gaggawa 112, da ta jami'an kiyaye haɗurra 122, mu manna a bango. Katin asibiti da magungunan da mutum yake sha su zauna a jaka guda. In jini yana zuba, a danne wurin da tsumma mai tsabta har a isa. Wanda ya suma, kada a ɗura masa ruwa ko manja, a kwantar da shi ta gefe. In bakin Baba ya karkace ko hannunsa ya mutu farat ɗaya, kada a ce sai gari ya waye. Da mun isa, mutum ɗaya ya faɗi abin da ya faru a taƙaice, sauran su jira a waje.

Na ƙarshe, jini. Ba a ƙera shi a masana'anta, sai ɗan'uwa ya bayar. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki kuma yakan mayar da shi. Ƙungiyar matasa da Zumuntar Mata za su iya rubuta sunayen masu lafiya da irin jininsu, domin ran da mai naƙuda ta bukata kada a tsaya nema.

In kuwa aka ce mana mu jira, aka wuce da wani, mu yi haƙuri, mu gode. Alama ce namu yana da sauƙi. Amma in jikin mai ciwo ya sāke muna zaune, mu tashi maza mu gaya wa nas.