TIKITIN YINI KO TIKITIN SHEKARA, WANNE YA FI RIBA?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka arziki ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, domin in yi wa 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta bayanin wani ciniki da ya ke rikita magidanta a ƙasar Amurka cikin shekarun nan. Cinikin kuwa na shiga gidan wasa ne, amma lissafin da ke cikinsa ya isa a ba ɗalibi ran jarrabawa. Ni sana'ata ke nan ƙidaya, saboda haka na zauna na bi alkaluman ɗaya bayan ɗaya, ga kuwa abin da na samu.

Gidan wasan da na ke magana shi ne Disneyland, a garin Anaheim cikin jihar Kalifoniya. Kada mai karatu ya zaci ɗan fili ne mai lilo biyu ko uku. Kamar gari guda ya ke, da tituna da kantuna da ɗakunan cin abinci, da jiragen wasa masu gudu bisa dogo, waɗansu su hau sama da mutum su gangaro, waɗansu su ratsa da shi cikin ruwa. Walt Disney ya buɗe shi ran 17 ga watan Yuli 1955. A lokacin nan dala 1 babba ya ke biya a bakin ƙofa, sa'an nan kowane abin hawa da kuɗinsa dabam. Daga baya aka fito da ɗan littafin tikiti mai haruffa, A na ƙananan wasanni, har zuwa E na manya, wanda aka ƙara a 1959. A 1982 aka watsar da littafin nan, aka ce mutum ya biya dala 12 gaba ɗaya ya hau abin da ya ga dama har dare.

To, in aka auna da tsadar kaya, dala 12 ta 1982 ba ta kai dala 40 ta 2024 ba. Alhali kuwa a watan Oktoba na 2024 tikitin yini mafi araha dala 104 ne, mafi tsada kuwa dala 206. Ka ga ashe ba faɗuwar darajar kuɗi kaɗai ta kawo wannan ba.

Mai karatu zai ce, yaya ƙofa ɗaya ta ke da kuɗi biyu? Ai har sun fi biyu. Tun watan Fabrairu na 2016 kamfanin ya raba kwanakin shekara hawa hawa. Ranar da mutane ba su da yawa, kamar Talata a tsakiyar zangon karatu, ita ce mai araha. Ranar Asabar da lokacin hutun makaranta da kwanakin Kirsimeti su ne masu tsada. Watau dai irin cinikin rago ne, wanda ya saya da sauran watanni kafin Layya da wanda ya saya ran jajibiri ba su biya daidai ba.

Ban da tikitin yini akwai kuma tikitin shekara, wanda mutum zai biya sau ɗaya ya riƙa zuwa har wata goma sha biyu. Da annobar korona ta sa aka rufe gidan a watan Maris na 2020, sai kamfanin ya soke tsohon tsarin tikitin shekara a watan Janairu na 2021. A watan Agusta na shekaran nan ya fito da sabo, ya sa masa suna Magic Key, ya kasa shi kashi huɗu. Mafi ƙanƙanta dala 399, shi kuwa mutanen kudancin Kalifoniya kaɗai a ke sayar wa. Sai na dala 649, sai na dala 949, sai babban na dala 1,399. Kafin ƙarshen 2024 ƙaramin ya kai dala 599, babban kuwa, wanda aka sake wa suna da sharuɗɗa, ya kai dala 1,749.

Yanzu ga tambayar da magidanci ya ke yi wa kansa: in sayi kiri, ko in yi sari? Kowa ya san sari ya fi kiri sauƙi, amma fa ga wanda zai iya cinye abin da ya sara. Bari mu ɗauki alkaluman 2024 mu gani.

Mutum ya ɗauki dala 1,749 ya raba da 206, sai ya ga a zuwa na tara kuɗinsa ya fita, gama zuwa takwas dala 1,648 ne, zuwa tara kuwa dala 1,854. Sai ya ce, ai tara a shekara ba wani abu ba ne, bai ma kai sau ɗaya a wata ba. Nan ne wurin da a ke zamewa. Lissafin nan bai tsaya ba sai in dukan zuwansa tara a ranakun mafi tsada ya yi su. Waɗansu daga cikin ranakun nan kuwa, watau na wajen Kirsimeti da sabuwar shekara, an toshe su ko ga mai babban tikitin. In kuwa mutumin nan mai zuwa ne a ranakun dala 104, to, sai ya je sau goma sha bakwai kafin ya ce ya ci riba.

Na ƙaramin tikitin ya fi wannan ban mamaki. Dala 599 a raba da 206, sai ka ga kamar zuwa uku ya isa. Amma ƙaramin tikitin nan ba ya buɗe ƙofa a yawancin ranakun Asabar da Lahadi da lokacin hutu. Ranakun da aka bar masa galibinsu su ne waɗanda tikitin yini ya ke da sauƙi a cikinsu. In mun auna shi da dala 104, zuwa shida ya ke bukata. Ga kuma wani abin lura. Tikitin yini mafi araha yana nan a dala 104 tun 2019 bai motsa ba har 2024, amma ƙaramin tikitin shekara ya tashi daga 399 zuwa 599, watau an ƙara masa rabin kuɗinsa. Wanda zuwa huɗu ya ke fid da shi a 2021, a 2024 sai ya yi shida. Wanda ya sabunta tikitinsa bisa tsohon lissafi bai san kiɗa ya sake ba.

Kada in yi wa tikitin shekara rashin adalci, yana da nasa amfanin. Gidajen wasa biyu ne a wurin suna duban juna, mai tikitin shekara yana iya shiga duka biyu a yini guda, mai tikitin yini kuwa sai ya ƙara kuɗi. Mai babban tikitin ba ya biyan kuɗin ajiye mota, wanda ya ke dala 35 a 2024, ana kuma yi masa rangwame a abinci da kayan kanti. In aka haɗa kuɗin motar nan, zuwa goma sha bakwai ya sauko zuwa goma sha uku. Sai dai a tuna mota ɗaya ce ta ke ɗaukar iyali duka. Miji da mata da 'ya'ya biyu in sun sayi babban tikiti kowa da nasa, dala 6,996 ke nan, gama ba a rage wa yaro kome a tikitin shekara in ya kai shekara uku, amma kuɗin motar da suka tsira da shi na mutum ɗaya ne.

Akwai kuma hanya ta uku wadda mutane su kan manta, ita ce tikitin kwanaki. A 2024 tikitin kwana biyar dala 511 ne, watau yini ɗaya ya kama wajen dala 102. Wanda ya zo daga nesa ya yi irin wannan tafiya har sau uku a shekara, kwana goma sha biyar ke nan, ya biya dala 1,533, bai kai kuɗin babban tikitin shekara ba tukuna. Saboda haka ina ganin baƙo mai zuwa sau ɗaya ko sau biyu ba shi da abin yi da tikitin shekara. Haka abin ya ke a ɗaya gidan nasu na Walt Disney World a jihar Filorida, wanda aka buɗe a 1971 ana shiga da dala uku da rabi. Da aka sabunta tikitin shekara a can a 2021, cikin kashi huɗu, babban na dala 1,299 shi kaɗai aka bar wa kowa da kowa, masu arahar kuwa galibi na mazauna jihar ne.

Abu na biyu da ya kamata a duba shi ne sharaɗin kama rana. A tsarin Magic Key, riƙe tikiti bai isa ba, sai mutum ya shiga intanet ya kama ranar da ya ke so, guraben da aka ware wa masu tikitin shekara kuwa ƙidayayyu ne. Wanda ya kama rana bai je ba har sau uku cikin kwana 90, sai a hana shi kama wata har kwana 30. A kan maganar guraben nan har an je kotu. A 2021 wata mai riƙe da tikitin dala 1,399 ta kai ƙara, ta ce an sayar mata da shi bisa cewa babu ranar da aka toshe, amma ta nemi gurbi a waɗansu ranaku aka ce ya cika, alhali ana sayar da tikitin yini na ranakun nan. A 2023 aka yi sulhu bisa dala miliyan tara da rabi, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, kowane mai irin tikitin ya tashi da wajen dala 67. Wannan ya isa ya nuna wa mai saye cewa in bai karanta sharaɗi ba, ya yi cinikin biri a sama.

Shin me ya sa kamfanin ya ke ƙuntata wa waɗanda suka fi kowa son gidansa? Ba su ɓoye dalilin ba. A 2020 shugaban kamfanin na lokacin, Bob Chapek, ya faɗa wa masu hannun jari cewa baƙon da ya zo daga nesa ya yi kwana biyar zuwa bakwai ya fi mai tikitin shekara kawo musu amfani. Ba shakka haka ne, domin baƙo ya kan kwana a masaukinsu, ya ci abincinsu safe da yamma, ya sayi tsaraba. Ɗan gari kuwa ya shigo da la'asar ya hau abu biyu ya koma gida. Filin kuma ba ya ƙaruwa, in ya cika sai layi ya yi tsawo, baƙo ya ji haushi. Saboda haka aka tsara kuɗin yadda ɗan gari zai cike ranakun da babu kowa, ya bar wa baƙo ranakun kasuwa. Ko tsallake layi, wanda a ke yi kyauta tun 1999 da wata takarda mai suna FastPass, a 2021 aka mai da shi na kuɗi, kuma yana bisa tikitin shiga ne, ba a cikinsa ba.

Abu na uku yana cikin zuciyar mai saye. Ɗan Adam ya kan zaci zai yi abin da ba zai yi ba. A 2006 waɗansu masana tattalin arziki biyu a Amurka, DellaVigna da Malmendier, suka duba littattafan gidajen motsa jiki, suka tarar masu biyan fiye da dala 70 a wata ba su zuwa sai wajen sau huɗu, watau kowane zuwa ya kama musu fiye da dala 17, alhali akwai tikitin zuwa goma wanda ya ke dala 10 kowane zuwa. Tikitin shekara na gidan wasa ɗan'uwan wannan ne. Balle da ya ke an yarda wa mutanen Kalifoniya su biya wata wata, sai kuɗin ya yi ƙanƙane a ido, jimlarsa kuwa tana nan yadda ta ke. Wanda kuma ya ce bari in yi ta zuwa don kada kuɗina ya tafi a banza, kowane zuwa da nasa man mota da abinci da rigimar yara a bakin kanti.

Shawarata ga wanda abin ya shafa, ko yana zaune can ko yana da ɗa ko ƙane a can, ita ce ya ɗauki takarda da alkalami kafin ya ɗauki kuɗi. Da fari ya rubuta sau nawa ya je bara, gama bara ba ta ƙarya, baɗi ce mai alkawari. Sa'an nan ya ɗauki kalandar tikitin da ya ke so ya soke ranakun da aka toshe, ya soke ranakun aikinsa da na makarantar 'ya'yansa, ya ƙidaya abin da ya saura. Sa'an nan ya duba kuɗin tikitin yini na ranakun nan da suka saura su kansu, ya tara, ya gwada da kuɗin tikitin shekara. In tazarar zuwa ɗaya ce ko biyu, ya sayi kiri, domin ciwo ko tafiya ko baƙi sun isa su cinye ta. Ya kuma sake lissafin nan kowace shekara, gama daga 2021 zuwa 2025 babu watan Oktoban da ya wuce ba a taɓa kuɗin ba, a na 2025 ma tikitin yini mafi tsada ya kai dala 224, babban na shekara kuwa dala 1,899.

Ina fata malaman lissafi za su ɗauki alkaluman nan su ba 'yan aji, su ga wa zai fara gane inda tarkon ya ke. Wanda kuma ya ga wata hanyar auna abin da ta fi tawa, ina roƙonsa ya rubuto mu ƙaru.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawun Baitulmali.