Kazar kwanci da zafin Yola

Kaza idan kwanci ya kama ta, halinta kan sauya gaba ɗaya. Wadda jiya take tone-tone daga bakin murhu zuwa bola, yau ta lafe a lungu, ta kumbura gashi, ta bar kyarkyara ta koma gurnani ƙasa-ƙasa, wanda ya miƙa mata hannu kuwa ya sha sara. Gashin ƙirjinta yakan zube har fata ta fito fili, don zafin jikinta, wanda ke wajen digiri 41, ya ratsa ɓawo ya riƙe ƙwan a kusan digiri 37 da rabi. Sau da yawa a yini takan sa baki ta mirgina ƙwai, na gefe ta jawo shi tsakiya, na tsakiya ta tura shi gefe, domin ƙwan da ba a juyawa ɗan da ke ciki yakan manne da ɓawo ya mutu. Galibi sau ɗaya take sauka a rana, ta ci, ta sha, ta yi birgima a toka, ta koma. Haka za ta yi kwana 21, ta rame, tukkunta ya koɗe. Wannan halitta ce wasu masu kiwo a Jimeta da Yola suka fara yi wa kallon abin da ya tsufa, tun da ƙananan injunan ƙyanƙyasa suka shigo kasuwa. A ganina, magidanci ko matar gida mai kaji goma ko ashirin a wannan gari, kuɗin da zai kashe wa inji ya zuba shi inda ba nan ciwon yake ba.

Dalili na farko yanayin garin ne. Yola da Jimeta suna cikin kwarin Binuwai, kuma a watannin Maris da Afrilu zafin rana kan haura digiri 40. Yawancin littattafan da ke koyar da ƙyanƙyasa an rubuta su ne a ƙasashen da sanyi ne abokin gaban ƙwai, shi ya sa ƙaramin inji abu ɗaya ya iya, wato ɗumamawa. Bai iya sanyayawa ba. A ajiye shi a ɗaki mai rufin kwano a Jambutu ko Doubeli da azahar ɗin Afrilu, iskar ɗakin kanta ta wuce abin da ƙwai ke so, kuma ɗan tsako a ciki ya fi jure sanyin awa biyu da zafin da ya yi yawa na awa biyu. Da hunturu kuma wata matsalar ce: iska takan bushe ƙwarai, alhali ƙwai na bukatar laima wajen kashi 55 cikin ɗari a kwana 18 na farko, ta ƙaru zuwa wajen 65 ko 70 a kwana ukun ƙarshe. Idan laima ta gaza, fatar da ke cikin ɓawo ta bushe ta naɗe tsakon, ya huda ɓawo amma ya kasa fitowa. A kan wannan a ɗora ɗauke wuta, wanda ba ya sallama kafin ya zo. Kaza kuwa inuwa take zaɓa tun kafin ta fara saka ƙwai, bayan randa ko ƙarƙashin rumbu, inda ƙasa ke da ɗan sanyi, kuma idan zafi ya tsananta takan ɗan ɗaga jiki iska ta ratsa. Ita ma bazara tana ɓata mata ƙwai, masu kiwo sun san kwancin bayan damina ya fi albarka, amma ba ta bukatar janareto.

Za a ce ai ƙyanƙyasa ba da kaza ba tsohuwar sana'a ce, kuma a Afirka ma aka gwanance da ita. Haka ne. Mutanen Masar sun yi shekaru fiye da 2,000 suna ƙyanƙyashe dubban ƙwai a ɗakunan tubali da ake ɗumamawa da wuta, har masanin Faransa Réaumur ya yi ta ƙoƙarin kwaikwayonsu a tsakiyar ƙarni na 18. Sai dai a duba yadda suke yi. Mai sana'ar yakan tare a wurin dare da rana, ya juya ƙwai da hannu, ya auna zafinsa ta hanyar kara shi a fatar idonsa, kuma gado ne daga uba zuwa ɗa. Wato mutum ne ya ɗauki aikin kaza kacokan ya aza wa kansa. Wanda ke fita kasuwa ko ofis tun safe ba shi da wannan lokacin.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan kazar gida ita ce ƙarancin ƙwai. Takan saka 10 zuwa 15, ta kwanta mako uku, ta yi wata biyu ko fiye tana yawo da 'yan tsaki, sannan ta sake komawa zakara. A shekara kwanci uku ke nan, ƙwai 30 zuwa 45, alhali kazar gidan gona tana kusantar 300. Wannan gaskiya ce, kuma wanda ke son tsaki ɗari biyar a wata lalle inji mai sola da batir zai nema. Amma a san abin da aka bayar kafin a sami 300 ɗin: an yi ta zaɓen iri har aka cire wa kazar gidan gona halin kwanci, ta zama mai saka ƙwai kawai. Ƙwan kiret da ake sayarwa a kasuwar Jimeta ma ba na ƙyanƙyasa ba ne, tunda ba zakara a kejin da ya fito, ko wata guda aka yi ana ɗumama shi baragurbi zai zama. Shi ya sa mai irin waɗannan kaji kullum idonsa na kan motar da ke kawo 'yan tsaki daga manyan kamfanonin ƙyanƙyasa, da yawansu a can wajen Ibadan, da tsadar hanya da wahalarta. Kazar gida ita ce ke haifar magajiyarta. Har aikin wasu take yi: zabuwa ba ta da haƙurin kwanci a gida, don haka da damina ake sa wa kaza ƙwan zabi, ta ƙara mako guda a kan nata lissafin, kwana 26 zuwa 28, ta fito da 'ya'yan da ba nata ba ta riƙe su.

Mutanen da sun fahimci darajar wannan ƙwai. Camfin nan da ke cewa yaron da ya saba cin ƙwai zai tashi ɓarawo ba shi da tushe, ya kuma hana yara abinci mai gina jiki, ya kamata a bar shi. Amma ba wuya a gane amfanin da ya yi wa akurki: kowane ƙwai da ya tsira daga tukunya kaza ce ta baɗi, kaji kuma su ne matakin farko na dukiyar mace, a sayar a sayi akuya, akuya ta kai ga saniya. Bahaushe ya ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, amma matar da ke lissafin kayan ɗakin 'yarta akasin haka take aikatawa.

To ina asarar take? Kazar gida mai lafiya takan ƙyanƙyashe kusan 8 cikin ƙwai 10. Ɓarnar tana faruwa ne kafin kwanci da kuma bayansa. Ƙwan da ake tarawa ya fi son wuri mai sanyin digiri 15 zuwa 18, kuma kada ya wuce mako guda. A zafin Yola kuwa ɗan da ke ciki kan fara motsin girma tun ba a kwanta masa ba, ya tsaya, ya raunana. Maganinsa mai araha ne: tukunyar ƙasa a kan jiƙaƙƙen yashi a inuwa, ƙwan kuma tsininsa na kallon ƙasa. A kwana na 7 zuwa 10 a haska shi da tocila cikin duhu, mai rai za a ga jijiyoyin jini sun bazu kamar saiwa, wanda ya fito fayau a cire shi kafin ya ruɓe ya fashe a kan sauran. A zuba toka a ƙarƙashin shimfiɗar saboda ƙuma, domin ƙuma na iya tayar da kaza daga kan ƙwanta.

Bayan ƙyanƙyasa ne ake kuka. Tun yana cikin ɓawo tsako ke fara tsiwa uwar tana amsa masa, ya kuma shanye ƙwanduwar cikinsa kafin ya fito, abin da ke riƙe shi kwana biyu ko uku ba ci. Daga nan sai duniya: shirwa daga sama, muzuru da gafiya da dare, kwatami, ruwan sama. Kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, in ji masu magana, kuma duk wanda ya ga yadda take yin kuka ɗaya 'yan tsaki su ɓace ƙarƙashin fiffikenta ya san inji ba ya wannan. Duk da haka a gidaje da yawa kusan rabin tsakin ba sa kai girma. An ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi, amma karin maganar bai hana kife kwando ba. A tsare uwa da 'ya'ya mako huɗu zuwa shida a inuwa, da tsaki da dusa da gara da ruwa a kasko marar zurfi. Uwar da ta ƙoshi ma ta fi saurin komawa saka ƙwai. Sai babbar annoba, cutar Niyukasul, wadda ke share akurki musamman da hunturu. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin allurar rigakafinta, har da nau'in I-2 mai jure zafi, wanda ake ɗigawa a ido ko a sa a ruwan sha. Mai kaji a Yola da ke tara kuɗin inji, ya fara zuwa wurin likitan dabbobi ya tambayi wannan rigakafin kafin hunturu ya shigo.