Kurumtar Gado Da Ake Yi Wa Tiyata

'Yan uwa, sau da yawa idan ji ya fara raguwa ga mutum, sai a ce ai gado ne, haka mahaifiyarsa ta yi, a haƙura. To, a cikin kurumtar gadon akwai wadda likita ke gyarawa.

Bayan dodon kunne akwai ƙananan ƙasusuwa uku a jere, masu kama da guduma da maƙera da likkafar sirdi. Sauti na kaɗa dodon kunne, su kuma su miƙa motsin zuwa can ciki. Likkafar nan ita ce mafi ƙanƙantar ƙashi a jikin ɗan Adam, tsawonta kamar milimita 3. A wata cuta da ke bin jini, ƙashi kan yi tsiro a gindinta ya ƙame ta, sai sauti ya rasa hanya.

Yawanci tana farawa tsakanin shekara 20 zuwa 40, ta fi kama mata, wani lokaci ta tsananta da juna biyu. Mai ita kan ji ƙara a kunne, ya riƙa magana ƙasa-ƙasa, kuma abin mamaki, ya fi jin magana a hayaniyar kasuwa. Masu cutar gado ta saurin karyewar ƙashi su ma likkafarsu kan ƙame haka.

Wani likitan Amurka, John Shea, shi ya buɗe hanyar wannan tiyata ta zamani a 1956. Ta ramin kunne ake shiga. A ɗaga dodon kunne, a cire ɓangaren likkafar, a huda ɗan rami a gindinta, a dasa ɗan tsinke na ƙarfe ko roba ya ci gaba da aikinta. Aikin kamar awa ɗaya ne, kuma kusan tara cikin goma ji yakan ƙaru.

Amma fa akwai haɗari: jiri, canjin ɗanɗano a harshe, kuma kamar ɗaya cikin ɗari kan rasa jin kunnen gaba ɗaya. Shi ya sa ba a yin kunne biyu rana ɗaya. Idan kuma jijiyar ji ce ta lalace, wannan tiyata ba ta da amfani. Wanda bai so tiyata ba, akwai na'urar ƙara ji.

Don haka kada a ɗura mai ko ruwan ganye a kunne. A je wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro a yi gwajin ji, a gaya masa in akwai mai irin wannan a dangi. Allah ya ƙara mana lafiya.