RAUTAR WAIFAI A GIDA: A BAR TA A KUNNE, KO A KASHE DA DARE?



 

Kwanakin baya wani bawan Allah ya same ni a shago bayan sallar isha'i, fuskarsa ba walwala. Muka gaisa, ya ce: "Malam, maganin wutar waifai na zo nema." Na ce wane irin magani ke nan? Ya ce maiɗakinsa na da ciki wata bakwai, kwana huɗu tana fama da ciwon kai. An turo mata saƙon murya cewa rautar da ke kwana a kunne tana cinye ƙwaƙwalwa, tana taɓa ɗan da ke ciki. Ita ta dage sai an fitar da na'urar daga gidan, shi kuma da ita yake duba odar kayan da yake sayarwa. Har an kai ga ba a cin abinci tare.

Na ce: "Alhaji, ajiye maganar rauta tukuna. Fuskarta ko hannayenta sun kumbura? Tana ganin dishi-dishi?" Ya yi shiru, ya ce zoben hannunta ma ya ƙi fita. Na ce to ba ni da abin da zan ba ka. Tashi yanzun nan ka kai ta asibiti a auna jininta, kada a jira gari ya waye.

Zan faɗa muku yadda aka ƙare. Amma tunda tambayar ta yawaita, bari mu bi ta daki-daki.

*Me rauta take fitarwa?*

Rauta tana aika saƙo ne ta igiyoyin rediyo, dangin waɗanda ke kawo mana tashoshi a akwatin rediyo, sai dai zangonsu ya bambanta. Galibi tana aiki a kan zango biyu, 2.4 da 5 gigahaz. Af, idan ka ga an rubuta 5G a ƙarshen sunan waifai ɗin gidanka, yawanci wannan zangon na 5 ake nufi, ba 5G na layin waya da aka yi ta jita-jita a kansa a 2020 lokacin korona ba.

Masana sun kasa irin wannan haske gida biyu. Akwai mai ƙarfin da yake iya lalata ƙwayoyin halitta, kamar na hoton ƙashi da ake ɗauka a asibiti. Shi ya sa ake tambayar mace ko tana da ciki kafin a ɗauke ta. Akwai kuma wanda bai da wannan ƙarfi, iyakarsa ya ɗumama abu in ya yi yawa ƙwarai. Rediyo da waya da waifai duk a kashi na biyu suke. Ƙarfin da rautar gida ke watsawa kaɗan ne, wajen kashi ɗaya cikin goma na wat ɗaya a zangon 2.4. Kuma yana raguwa da nisa: in ka ninka tazararka da ita sau biyu, abin da ke iso ka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka wayar da ka manna a kunne kana hira ta fi rautar da ke falo kai wa jikinka wannan igiya, nesa ba kusa ba.

*To ina maganar ciwon daji ta samo asali?*

Ba daga sama ta faɗo ba. A 2011 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya igiyoyin rediyo a rukunin da ake kira 2B. Ma'anar rukunin ita ce akwai ɗan zato, amma hujja ba ta tabbata ba. Zaton kuma ya taso ne daga masu yawan kara waya a kunne, ba daga rauta ba. Don ku gane nauyin rukunin, ruwan ganyen alobera da aka tace gaba ɗayansa ma yana ciki. Daga baya, a 2024, wani babban nazari da Hukumar ta sa aka yi ya tattara binciken shekaru masu yawa, bai ga alaƙa tsakanin amfani da wayar hannu da ciwon dajin ƙwaƙwalwa ba.

Akwai kuma masu cewa da zarar an kunna waifai sai kansu ya sara. Ba ƙarya suke yi ba, ciwon suna jin sa. Amma da aka gwada irinsu a ɗaki, ana kunnawa ana kashewa ba tare da sun sani ba, ba su iya bambance lokacin da na'urar ke aiki da lokacin da take kashe ba. Ke nan a nemi sanadin ciwon a wani wuri: ƙarancin barci, damuwa, matsalar ido, zazzaɓi, ko hawan jini.

Ni mai sayar da magani ne, amma gaskiya ɗaya ce. Babu wani haɗi, ko hayaƙi, ko sitika da ake liƙa wa waya, ko shukar da ake ajiyewa a ɗaki, da ke tare igiyar waifai. Zuma da habbatus sauda suna da matsayinsu, amma wannan ba aikinsu ba ne. Wanda ya ce zai sayar maka da irin wannan, kuɗinka yake so.

*Inda haɗarin gaske yake*

Na farko, gobara. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a kashe fitila lokacin kwanciya, ya kuma faɗi dalili: ɓera kan ja lagwani ya ƙona gida. Imamu Nawawi ya yi bayanin cewa fitilar da aka rataye, in an amince ba za ta jawo gobara ba, babu laifi a bar ta, domin dalilin hanin ya kau. Wannan shi ne ma'aunin da za mu ɗora rauta a kai. Ita kanta an ƙera ta ne don ta yi aiki dare da rana, kuma mai kyau a soket mai kyau ba ta cika kawo matsala ba. Matsalar tana wajen abin da muke haɗa ta da shi: cajar da ba tata ba, soket ɗin da ya saki yana tartsatsi, da jonin nan na arha da aka cusa wa fanka da talabijin da hita gaba ɗaya. Ga kuma yadda a wasu lokuta ake dawo da wuta da ƙarfi tsakar dare, kowa na barci.

Ƙaramar nan ta aljihu da ake kira mifi ta fi buƙatar kula, domin batir ne a cikinta irin na waya. Zafi da dawwama a caji suna lalata shi har ya kumbura. In ka ga murfin bayanta ya ɗago, daina amfani da batirin nan take. Kada a huda shi, kada a jefa shi a wuta, kada a bar wa yara. Kuma don Allah a daina cusa ta ƙarƙashin matashin kai ko a kan katifa tana caji.

Na biyu, barci. A nan ne na fi ganin ɓarna a gidajenmu. Rautar ba ta hana kowa barci da igiyarta, amma tana buɗe ƙofar da ba ta rufuwa. Maigida na kallon labarai, uwargida na cikin guruf, yara kowa ya lulluɓa da bargo yana TikTok har ƙarfe biyu. Hasken fuskar waya da daddare yana jinkirta fitowar sinadarin melatonin, wanda ke sanar da jiki cewa lokacin barci ya yi, abin da ake kallo kuma yana ƙara tayar da hankali. Babban mutum na buƙatar barcin awa 7 ko fiye, matashi kuma awa 8 zuwa 10. Wanda ya kwanta ƙarfe biyu, yaya za a yi da asuba? Yaya za a yi da makaranta? Sai a kawo mini yaro a ce ya cika mantuwa, a ba shi maganin ƙwaƙwalwa. In na tambayi lokacin da yake kwanciya, uban bai sani ba.

Na uku, tarbiyya. Kai ka kulle ƙofar gida da kwaɗo biyu, amma ka bar wata ƙofa a buɗe cikin ɗakin 'ya'yanka, kowa na iya shigowa ta cikinta a lokacin da idonka yake rufe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na huɗu, aljihu. Rautar gida na cin wat 5 zuwa 15 ne. Mu ɗauka 10: a yini da kwana wat-awa 240 ke nan, a wata kusan yunit 7. Ga wanda ke rukunin Band A, inda yunit ya haura naira 200 a 2024, wajen naira 1,500 ke nan a wata a kan wannan farashin. In kana kashewa awa 7 kowane dare, abin da za ka rage wajen yunit 2 ne kawai. To ba a kuɗin wuta asarar take ba. Tana wajen data. Wayoyi da yawa an saita su ne su sabunta manhajoji, su tura hotuna ma'ajiya, su sauke bidiyon guruf da zarar sun samu waifai. Kana barci data na zuba, sai a tsakiyar wata a fara zargin juna. Mai sola da inbata kuma ya san kowane wat da aka rage da dare yana taimakon batir ya kai fanka asuba.

*To me za a yi?*

Ga shawarata, kuma ita nake bi a gidana. Gidan da ke da yara da matasa, a sa lokaci, misali ƙarfe goma ko sha ɗaya, a kashe, a kunna bayan sallar asuba. Kashewa sau ɗaya a dare ba ya lalata ta, sau da yawa ma ta fi sauri bayan ta huta. A sanar da iyali dalili cikin lalama, kuma maigida ya fara ajiye tasa wayar. Doka ba ta tafiya in mai kafa ta ne ke karya ta. A tuna kuma wayar da ke da datar kanta ba ruwanta da rauta, don haka wayoyin yara su kwana a falo.

Wanda kyamarar tsaron gidansa ko shagonsa ke aiki da ita, ko yana da mara lafiya ko ɗa a ƙasar waje da sai ta WhatsApp ake samunsa, ya bar ta a kunne, babu komai. Sai dai ya kiyaye waɗannan:

1. A ajiye ta a sarari, sama da ƙasa, inda iska ke shiga, nesa da labule da katifa. Kada a rufe ta da mayafi don ƙura.
2. A yi amfani da cajarta ta asali, a soket mai ƙarfi, a haɗa da na'urar kare hauhawar wuta in da hali.
3. Da damina, in hadari ya haɗo ana walƙiya, a zare ta daga soket gaba ɗaya. Haka in za a yi tafiya.
4. A canza kalmar sirrin da ta zo da ita, ta shiga waifai da ta shiga saitin na'urar, don kada maƙwabta su sha data ko wani ya yi ɓarna da layinka.
5. Yawancin rautoci na da wurin saita lokaci, da wurin tsayar da wayar da ka zaɓa. Ka sa wanda ya iya ya saita maka wayoyin yara su yanke da dare, kyamara ta ci gaba.

Mu koma kan Alhaji. A daren ya kai ta, aka tarar jininta ya hau sosai, aka kwantar da ita, aka ɗora ta a kan magani. Irin wannan hawan jini na masu ciki yakan zo bayan sati 20, kuma in an yi sake shi ke kaiwa ga jijjiga, a rasa uwa ko ɗa ko duka biyun. Da an tsaya faɗan rauta, ko da na ƙulla masa wani gari na karɓi kuɗi, Allah kaɗai Ya san abin da zai faru. Ta sauka lafiya, alhamdulillahi. Rautar na nan a falo, ƙarfe goma ake kashe ta.

Saboda haka iyayenmu mata, duk mai ciki da ta ji ciwon kai mai naci, ko kumburin fuska da hannu, ko ganin dishi-dishi, asibiti za a nufa a ranar, ba gobe ba. Awon jini da ya kai 140 bisa 90 ba abin jinkiri ba ne. Kuma kafin ku tura saƙon da ke tsorata mutane, ku tambayi masu sani.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu daga gobara da cuta, Ya shirya mana zuri'a, Ya sauki masu ciki lafiya. A tura wa 'yan uwa don su amfana.