Noman Seleri: Cututtukan Da Ke Cinye Jarin Manomi

LAFIYA: Ganyen seleri da manyan otal-otal da kantunan Abuja ke saye, akasarinsa daga yankin Jos yake fitowa, inda sanyi ya karɓe shi. Garin Shabu, da ke bakin hanyar Lafiya zuwa Akwanga, bai yi nisa da wannan kasuwa ba, amma wajibi ne mai niyyar zuba jari a nan ya fara lissafi da yanayi. Seleri ya fi yin kyau a zafin digiri 15 zuwa 21, alhali a Lafiya zafi kan haura 35 a watan Maris. Don haka hunturu ne lokacin da ya fi dacewa, domin shukar da zafi ya galabaitar ita cuta ke saurin kayarwa.

Cutar Sakosfora, mai son ɗumi da laima, tana farawa da ɗigon rawaya a ganye, sannan ya faɗaɗa ya koma ruwan toka. Ita kuwa Saftoriya, tabonta na ɗauke da ƙananan baƙaƙen ɗigo, kuma cikin iri take ɓuya. Jiƙa iri cikin ruwa mai ɗumin digiri 48 na minti 30 yana rage ta ƙwarai. Dukansu biyu fantsamar ruwa ke yaɗa su, saboda haka a yi ban ruwa ta gindi, a ba da tazara, a yi feshin Mancozeb ko maganin tagulla da zarar alama ta bayyana.

Idan shuka ta tsumbure ta yi rawaya, cikin gindinta ya yi ja-ja, Fusariyam ce. A ƙasa take zaune shekara da shekaru, feshi ba ya maganinta, sai canza fili da neman iri mai juriya. Baƙin da ke kama tohon tsakiya kuwa ba ƙwayar cuta ba ce. Ƙarancin kalsiyam ne, wanda ban ruwa na jefi-jefi ke tsananta shi.

Da yake kyawun ganye da kara ake saye, tabo kaɗan kan karya farashi bayan an kashe kuɗin watanni huɗu zuwa biyar. Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa tana nan Shabu. Kamata ya yi mai jari ya nemi shawarar malamanta, ya gwada ƙaramin fili, kuma ya sami mai saye kafin ya ci bashi.