Kuskuren Lamé Da Sabon Fannin Lissafi

Ran 1 ga watan Maris na 1847, wani shaihun malami mai suna Gabriel Lamé ya miƙe a gaban Majalisar Masana Kimiyya ta birnin Paris, ya ce ya warware matsalar nan ta Fermat, wadda ta gagari masana lissafi fiye da shekara 200. Nan take Joseph Liouville ya nuna shakkarsa, ashe kuwa da gaskiyarsa.

To, ina gizo ya yi saƙa? Kowane ɗan makaranta ya san 30 ita ce 2 sau 3 sau 5, kuma babu wata hanya ta biyu da za a bi a farfasa ta zuwa lambobin da ba su rabuwa. Lamé ya zaci wannan doka tana aiki ga kowane irin lambobi. Amma da zarar an shigo da baƙin lambobi irin su √−5, sai 6 ta zama 2 sau 3, ta kuma zama (1+√−5) sau (1−√−5), alhali babu guda cikin huɗun nan da ke rabuwa.

Wani Bajamushe, Ernst Kummer, ya riga ya gano irin wannan tangarɗa tun 1844. Maganinsa shi ne a ƙaddara akwai wasu ɓoyayyun lambobi waɗanda idan aka sa su cikin lissafi doka za ta koma daidai. A 1871 Richard Dedekind ya fito da su fili, ya kira su aidiyal, watau ƙungiyar lambobi mai sharaɗi biyu: in aka tara 'ya'yanta biyu, ko aka ninka ɗanta da kowace lamba, amsar ba ta fita daga ƙungiyar. Lambobin da 2 ke rabawa misali ne.

Wadda ta ɗora wa ginin rufi kuwa mace ce, Emmy Noether ta Jami'ar Göttingen a Jamus. Takardarta ta 1921 ta nuna cewa dokokin aidiyal ba su tsaya ga lambobi kaɗai ba, har ma da jimlolin aljabara. Su kuwa waɗannan hawa-hawa suke: x tana hawa na 1, xy na 2, in an ninka biyu sai a tara hawansu. A irin wannan tsari, idan an gina aidiyal da 'ya'ya masu tsayayyen hawa, ya isa a gwada masu tsayayyen hawa kaɗai a gane ko tana rabuwa.

A 1933 gwamnatin Hitler ta kori Noether daga aiki saboda Bayahudiya ce. Ta yi ƙaura zuwa Amurka, ta rasu a 1935 tana da shekara 53. Matsalar Fermat kuwa sai a 1994 Andrew Wiles na Ingila ya ga bayanta, kuma cikin makamansa har da wannan ilmi na aidiyal.